Yadda Za Ka Tsara Yininka Tun Daga Asuba Har Kwanciya

Tambayar da aka fi yi mini a 'yan kwanakin nan kusan iri ɗaya ce, ko da yake masu yin ta sun bambanta. Tela ya ce tun safe yake kan keke amma har dare bai haɗa riga biyu ba. Ɗalibi ya ce jarrabawa ta ƙarato, littafi na buɗe a gabansa, bai wuce shafi ɗaya ba. Uwargida mai sayar da kaya ta waya ta ce ita ke riga kowa tashi, ita ce ƙarshen kwanciya, amma ba ta ga abin da ta tsinana ba. Duk cikinsu babu malalaci. Abin da ke damunsu shi ne gari na waye musu ba tare da sun san da me za su fara ba, don haka duk wanda ya riga yin sallama ko ya kira waya, shi ke tafiya da lokacinsu.

Hanyar da zan shimfiɗa a nan ta yi la'akari da rayuwarmu yadda take: a kawo wuta a ɗauke, baƙo ya zo ba sanarwa, a kira ka jana'iza kana tsakiyar aiki. Zan riƙa buga misali da tela, domin sana'arsa ta haɗa alkawari da wuta da kwastoma, amma kowa na iya juya misalin zuwa tasa sana'ar. A bi matakan a jere, kada a tsallake na farko.

Kayan da za ka tanada

Ƙaramin littafin rubutu mai shiga aljihu, da biro, da ƙararrawar wayarka. Kuɗin littafin da biron bai kai na farantin abinci ɗaya ba. Idan unguwarku na fama da rashin wuta, ka ƙara da power bank, wanda shi kaɗai ne zai ɗan ci kuɗi. Kada ka sayi wata manhajar tsara lokaci. Ni na fi son takarda a kan waya, saboda duk wanda ya buɗe waya don duba jerin ayyukansa, da wuya ya rufe ta bai leƙa wani wuri ba.

Mataki na 1: Gano inda lokacin ke zurarewa

Kwana uku na farko kada ka canja komai. Ka yi rayuwarka yadda ka saba, sai dai duk lokacin da ka idar da salla, ka ɗauko littafin ka rubuta abin da ka yi tun daga sallar da ta wuce, da kimanin mintin da ya ci. Misali: karin kumallo da hira wajen mai shayi, minti 50, neman almakashi da alli, minti 15, yankan riga ɗaya, minti 40, waya, awa ɗaya.

Daga nan ka bar wayar ta ba da shaida a kanka. A wayoyin Android, irin su Tecno da Infinix da Samsung, ka shiga Settings ka nemi Digital Wellbeing. A iPhone kuma Screen Time ake kiransa. Zai nuna maka awa nawa ka yi a kan waya, da yadda kowace manhaja ta samu rabonta, da sau nawa ka buɗe ta. Ka kwafe lambobin cikin littafi. Ga lissafin da ya kamata ya tsaya maka a rai: awa 2 kullum, a wata awa 60 ke nan, a shekara awa 730, wato kusan kwana 30 cur dare da rana.

Hattara: kada ka gyara lissafin don ya yi kyau. Ba wanda zai duba littafin nan sai kai. Idan ka rubuta minti 20 alhali awa guda ka yi a majalisa, duk abin da za ka gina a kai zai karkace.

Mataki na 2: Raba yinin da salloli biyar

Mutane da yawa na fara tsari da rubuta jadawali irin na makaranta: 8:00 kaza, 8:30 kaza, 9:15 kaza. Wannan ba ya kwana biyu a garuruwanmu, domin da zarar an yi maka baƙo ɗaya, duk jadawalin ya rushe, sai ka yi fushi ka watsar. Abin da ya fi shi ƙarko yana nan tare da kai tuntuni. Salloli biyar sun riga sun yanka maka yini zango-zango, ladan na tuna maka kyauta, kuma ba ka buƙatar agogo kafin ka san wane zango kake ciki.

Ka ja layi a shafi ka fitar da gida biyar: Asuba zuwa Azahar, Azahar zuwa La'asar, La'asar zuwa Magariba, Magariba zuwa Isha'i, Isha'i zuwa kwanciya. Da ka duba za ka ga ba tsawonsu ɗaya ba. A gari kamar Kano ko Zariya ko Maraɗi, daga ƙarfe 6:00 na safe zuwa 1:00 na rana awa 7 ne, zangon da ya fi kowanne tsawo da sanyi. Azahar zuwa La'asar awa 2 zuwa 3 ne, cikin zafi da nauyin abinci. Daga La'asar, wadda galibin masallatai ke yi wajen ƙarfe 4:00, zuwa Magariba awa 2 da ɗoriya ne. Tsakanin Magariba da Isha'i kuwa da ƙyar ya haura awa ɗaya.

Sai ka ba kowane zango irin aikin da ya dace da shi. Aikin da ke son natsuwa da ƙarfin jiki na safe ne. Ƙananan ayyuka, kamar sa maɓalli da cire zare da amsa saƙonni, na bayan Azahar ne. Karɓar kwastoma da fita kasuwa da ziyara na bayan La'asar ne. Magariba zuwa Isha'i ka bar wa iyali da karatu. Ma'aikacin ofis da ba shi da iko da safiyarsa ya duba awa ɗayan da ke tsakanin idar da Asuba da shirin fita, nan ne nasa rabon yake.

Mataki na 3: Rubuta aikin gobe tun daren yau

Bayan Isha'i, kafin ka taɓa waya, ka ba littafin minti 10. Rubuta ayyuka uku kawai da kake son gobe ta ƙare an yi su. A cikin ukun ka zagaye ɗaya da biro, wanda ko da shi kaɗai aka yi, ba za ka ce yinin ya tafi a banza ba. Hanyar gane shi mai sauƙi ce: wane aiki ne idan ba a yi shi ba zai jawo maka asarar kuɗi, ko saɓa alkawari, ko jin kunya? Sau da yawa shi ne wanda ka daɗe kana kauce masa.

Yadda ake rubuta aikin ma yana da muhimmanci. "Ɗinki" ba aiki ba ne, suna ne na sana'a. Ka rubuta: "Yanka da haɗa kaftani 2 na mai shadda ruwan toka." Ɗalibi kada ya rubuta "karatu," ya rubuta: "Lissafi, babi na 4, tambayoyi 10." Uwargida ta rubuta: "Soya cincin mudu 2, ƙulla shi kafin Azahar." Aikin da aka faɗi farkonsa da ƙarshensa shi ne hannu ke saurin kamawa.

Sannan ka shirya kayan tun daren. Tela ya ninke yadin ya ɗora a kan tebur, ya ajiye almakashi da tef da alli da littafin awo a gefe, ya duba ko zaren da ya dace yana nan, ya ɗiga wa keke mai. Sau nawa aka wayi gari za a fara aiki, sai a tarar babu zare mai kalar yadin, a aiki yaro kasuwa, a zauna jiransa har hantsi ya dubi ludayi? Minti 10 na dare ke hana wannan.

Hattara: kuskuren da aka fi yi a nan shi ne cika shafi da ayyuka 12 ko 15. Idan dare ya yi ka ga huɗu kawai ka yi, sai zuciya ta karaya, duk da cewa ka yi ƙoƙari. Sauran ayyukan da ke kanka ka ware musu shafin ƙarshe na littafin, daga can za ka riƙa ɗebo uku-uku.

Mataki na 4: Tsare safiyarka

Wannan shi ne ƙashin bayan tsarin duka, kuma a nan ne aka fi faɗuwa. Da sanyin safiya akan kama fara. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya roƙa wa al'ummarsa albarka a cikin sammakonta, kuma sahabin da ya ruwaito hadisin, Sakhrul Gamidi, ɗan kasuwa ne da yake tura hajarsa da sassafe, har dukiyarsa ta yawaita. Wanda ya taɓa shiga kasuwar Dawanau ko ’Yan Kaba da duku-duku ya san kafin wasu su farka, wasu sun gama cinikin yini.

Ga yadda za ka yi. Bayan ka idar da salla da azkar da abin da ya sawwaƙa na karatu, ka karya da ɗan abin da ya samu, ka nufi aikin da ka zagaye kai tsaye. Kada ka kunna data. Kada ka duba ko wani ya turo saƙo cikin dare. Wayar ta zauna a wani ɗaki ko cikin aljihun rigar da ke rataye. Idan kana tsoron kiran gaggawa, ka kunna Do Not Disturb, ka saita shi ya bar kiran iyaye da iyali kaɗai ya shigo.

Ka yi aikin a zama-zama. Akwai sanannen tsari na minti 25 aiki, minti 5 hutu, wanda wani ɗan Italiya, Francesco Cirillo, ya fito da shi. Yana yi wa ɗalibi amfani, musamman mai jin nauyin farawa. Ga mai aikin hannu kuwa na ga minti 25 ya yi kaɗan, hannu na fara sakewa ƙararrawa za ta katse shi. Shi ya yi minti 50 ya huta 10. A hutun ka miƙe, ka sha ruwa, ka ɗan taka. Idan ka ɗauki waya da sunan hutu, minti 10 ɗin nan sai ya koma 40. Zama uku irin wannan kafin ƙarfe 10:00 ya isa ya kammala babban aikin yini, ko ya ci ƙarfinsa.

Idan wani tunani ya faɗo maka a tsakiyar aiki, kamar ka tuna ba ka tura wa wani kuɗi ba, kada ka tashi. Rubuta shi a gefen shafi ka ci gaba, bayan Azahar ka waiwaye shi.

Hattara: idan ka saba komawa barci bayan Asuba, kada ka ce gobe za ka daina gaba ɗaya alhali ƙarfe 1:00 na dare kake kwanciya. Jiki zai rama, ka yini kana gyangyaɗi a kan keke, har ka ɓata yadin mutane. Ka fara gyara lokacin kwanciya, kamar yadda ya zo a mataki na 8.

Mataki na 5: Raba aiki gida biyu saboda wuta

A Najeriya an kasa masu amfani da lantarki rukuni biyar: Band A aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Wannan shi ne abin da ke rubuce, kai kuma ka lura da abin da layinku ke samu. Ka yi mako guda kana rubuta lokacin da aka kawo da lokacin da aka ɗauke, sau da yawa za ka ga akwai ɗan tsari a ciki.

A gaban kowane aiki ka sa alama: mai buƙatar wuta ko marar buƙata. Guga, da aikin injin surfani, da niƙa, da cajin waya da kwamfuta, da jan ruwa daga rijiyar burtsatse, duk na wuta ne. Yanka, da awo, da ɗinki a keken ƙafa, da lissafin ciniki, da karatu, ba ruwansu da ita. Da an kawo wuta ka koma kan rukunin farko, da an ɗauke ka juya kan na biyu, ba zaman jira. Idan janareto kake tayarwa, ka tara aikin wutar wuri ɗaya ka tayar sau ɗaya. Tayar da inji don gugar riga ɗaya asarar mai ce.

Mataki na 6: Sa wa waya lokaci

Ka ware lokuta uku na duba saƙonni: da walaha bayan ka gama babban aiki, bayan Azahar, da bayan La'asar ko Magariba. Kowane zama minti 20 zuwa 30. Guruf-guruf na WhatsApp da ba na aiki ba ka sa musu Mute, ka zaɓi Always, waɗanda suka fi surutu ka tura su Archive. Ba ka fita ba balle a ce ka yi girman kai, amma sun daina kiranka. A cikin Digital Wellbeing ɗin nan akwai wurin sa wa kowace manhaja iyaka. Ka ba TikTok ko Facebook minti 30, idan ya cika za ta rufe sai washegari.

Mai sana'ar da kwastomominta ke zuwa ta waya za ta ce wannan ba zai yiwu mata ba. Zai yiwu. Ki sauke WhatsApp Business, kyauta ne. Ki saita saƙon da zai riƙa amsawa da kansa idan ba kya kusa, kamar: "Sannu da zuwa, mun ga saƙonki, za mu amsa kafin ƙarfe 11:00 in sha Allah." Ki jera kayanki da farashinsu a Catalog, ki adana amsoshin da kike maimaitawa kullum, irin lambar asusu da kwatancen gida, a Quick replies. Mai saye ya fi son amsa cikakkiya a lokacin da aka ce masa a kan amsa rabi-rabi daga wadda hannunta ke cikin ƙullu.

Hattara: iyakar da ka sa wa manhaja kai ne ke da ikon cire ta, kuma zuciya za ta ce ka ƙara minti biyar. Idan ka ga kana yawan cirewa, ka goge manhajar daga Litinin zuwa Alhamis, ka dawo da ita ƙarshen mako.

Mataki na 7: Mutane, fita da zumunci

Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, kowace fita kuɗi ce. Ka tara buƙatun waje a shafi ɗaya, ka ware musu yammaci ɗaya ko biyu a mako. Telan da zai shiga Kantin Kwari sayen yadi ya haɗa da zare da maɓalli da cefanen gida a tafiya guda, maimakon hawa adaidaita sahu sau uku. Abin da za a iya gamawa da kiran waya ko tura kuɗi, kada a taka masa.

Batun mutane shi ne mai wuya, domin mu ba a korar baƙo, kuma bai kamata a kora ba. Abin da ake yi shi ne a sauya masa lokaci cikin mutunci. Abokin da ya zo hira da hantsi, ka tashi ku gaisa sosai, ka ce: "Abokina, ka yi mini uzuri, akwai kayan da na yi alkawarin miƙawa yau, mu haɗu bayan La'asar in Allah ya kai mu." Idan babba ne: "Baba, ina idar da Azahar zan zo in same ka da kaina." Sannan ka cika, ka je. In ka yi haka sau biyu sau uku, mutane da kansu za su gane safiyarka ta aiki ce, su riƙa zuwa da yamma. Shagon da benci ke cike da 'yan hira tun safe, ka ɗauke bencin ka shigar ciki, sai La'asar a fito da shi.

Akwai kiran da ba a jinkirta amsa shi: iyaye, rashin lafiya, jana'iza. Saboda su ne nake cewa kada ka cika yininka taf. Ka bar aƙalla kashi ɗaya cikin uku ba komai a rubuce. Ɗaurin aure da suna kuwa ana sanar da su tun da wuri, da ka samu gayyata ka rubuta a ranarsu, ka rage aikin wannan rana.

Hattara: kada kunya ta sa ka karɓi aikin da ya fi ƙarfin lokacinka. Idan littafinka ya nuna kaftani 3 kake iya gamawa a rana, kuma saura kwana 20 Salla, to 60 ne iyakarka, ka cire na kwanakin da wuta ko rashin lafiya za su ci, ka tsaya a 45. Wanda ya zo bayan nan ka gaya masa gaskiya tun kafin ka karɓi kafin alƙalami. Ɓacin ransa na yau bai kai na daren Salla ba.

Mataki na 8: Barci

Likitoci na cewa baligi na buƙatar aƙalla awa 7 na barci. Mai tashi ƙarfe 5:00 ke nan ya kamata ya kwanta wajen 10:00. Idan yanzu ƙarfe 12:30 kake kwanciya, ka riƙa jawo lokacin baya da minti 20 duk bayan kwana biyu ko uku har ka iso. Ka sa waya caji nesa da shimfiɗa, ka guji shayi mai kauri da kofi da goro bayan La'asar. Ƙailula ta minti 20 zuwa 30 kafin Azahar ko bayanta na dawo da ƙarfi, musamman a watannin Maris zuwa Mayu da zafi ke tsananta. Ka sa ƙararrawa, domin idan ta zarce awa guda za ka tashi jiki a mace, dare kuma ya yi barci ya ƙi zuwa.

Mataki na 9: Bitar mako

Ranar Juma'a da yamma, ko duk ranar da aikinka ya fi sauƙi, ka zauna minti 20 ka buɗe shafukan makon. Ƙirga kwana nawa ka gama aikin da ka zagaye. Huɗu cikin bakwai a makon farko ci gaba ne. Kwanakin da abin ya ƙi, ka rubuta dalili da kalma ɗaya ko biyu: waya, baƙo, wuta, makara. Dalilin da ya fi maimaituwa shi kaɗai za ka yi wa magani a mako mai zuwa. Ka sake duba Digital Wellbeing ka kwatanta da lambobin da ka kwafe a mataki na 1.

Aikin da ka ɗaga sau uku ba ka taɓa shi ba, ɗayan uku ne. Ko ya yi girma, sai ka farfasa shi ka rubuta guntun farko kawai. Ko ba naka ba ne, sai ka miƙa wa yaron shago ko wani a gida, ka nuna masa yadda ake yi sau ɗaya da kyau. Ko kuma ba shi da amfani tun asali, sai ka soke shi.

Ranar da yini ya rushe gaba ɗaya, kada ka jira Litinin ko sabon wata kafin ka dawo kan tsari. Ka dawo daga salla mai zuwa: idan safiya ta tafi a asibiti ko maƙabarta, bayan La'asar ka ɗauki mafi ƙanƙantar aikin cikin ukun ka gama, sauran biyun ka mayar da su shafin gobe. A watan azumi kuma ka rage ayyukan daga uku zuwa biyu, ka kai mai nauyin tsakanin Asuba da ƙarfe 11:00, ka ƙara tsawon ƙailula, aikin wuta da na kwastoma su koma bayan tarawihi.